Kunnen Ragon Layya

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, dosiye biyu na haɗa, na ajiye su ƙarƙashin katifata. Ɗaya na makarantar koyon jinyar mutane ne, wanda Baba yake so. Ɗayan na makarantar koyon jinyar dabbobi ne, wanda ban gaya wa kowa ba. Takardar haihuwa, hotuna, takardar sakamako, duk na jera su iri ɗaya, na rubuta sunan kowace makaranta a bayan ambulan ɗinta da jan alƙalamin bik. Jarrabawar shiga makarantun biyu ta faɗo rana ɗaya a shekarar, don haka dole ɗaya zan kai, ɗayan ya zauna a gida.

Da ba don abin da ya faru da tumakin Inna ba, da dosiye ɗaya kawai zan haɗa.

Garinmu ƙaramin gari ne kusa da Kiéché. Ina lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, ina zaune wajen gwaggona, ina komawa gida ran Asabar in na samu wanda zai ɗauke ni. Baba yana tafiya cin rani da zarar an gama girbi, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. In ya tafi, ƙanensa ne mai gida. Muna ce masa Baba Ƙarami. Sana'arsa raguna: ya saya suna ramammu, ya ɗaure su a turke, ya cika su da dusa da harawa, ya kai kasuwa gab da Layya. Inna kuma tana da tumaki biyar nata na kanta. Daga guda ɗaya da wanta ya ba ta suka yaɗu. Ta san halin kowacce. Akwai wata mai baƙin wuya da ba ta cin dusa sai an jiƙa mata, Inna na zaginta kullum tana kuma jiƙa mata.

A ƙarshen sanyin shekarar, wata Asabar da safe, mai shela ya zagaya gari yana cewa malamin dabbobi ya iso da allurar rigakafi, kowa ya fito da tumaki da awaki ƙofar mai gari. Kyauta ce. Amma duk dabbar da aka yi wa allura, akwai wani ƙarfe kamar filaya da ake matsa mata a kunne, ya cire ɗan yanki da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, don baɗi a gane wadda aka yi wa.

Wannan ɗan yankin ne Baba Ƙarami ya ce bai yarda ba.

"Ragon da anka yanke ma kunne, wa za ya saye shi ya yi layya?" in ji shi. "Mai saye kunne yaka fara dubawa, kahin haƙori. Ku shigar min da su ɗakin girki."

Inna ta ce, a hankali, kanta a ƙasa, "Nawa ai mata ne. Ba layya za a yi da su ba."

"In an ga mata, sai a tambayi maza. A shigar da su duka."

Aka shigar da su duka. Raguna bakwai da tumaki biyar cikin ɗakin girki, aka jingina turmi a ƙofar. Sai Baba Ƙarami ya juyo kaina. Ya ce in malamin ya biyo gida-gida, ni zan fita, tunda ni ce 'yar lakkwal mai karatun boko, ni za a yarda da maganata. Shi kuwa ya hau babur ya bar gari.

Da hantsi malamin ya yi sallama. Dattijo ne siriri, da akwatin ƙanƙara a rataye, wandonsa duk gashin awaki.

"Masu gida, ina tumaki?"

Na ce, "Babu tumaki gidan nan."

Ya leƙa ta bayana. Turaku goma sha biyu a tsakar gida, kashin tumaki ɗanye, harawa a warwatse. Sai mai baƙin wuyan nan ta ɗaga murya daga ɗakin girki, dogon kuka, har sau biyu.

"To," ya ce, "wagga da ke kuka, ƙanwarki ce?"

Na ji fuskata kamar an zuba mata ruwan zafi.

"Ke 'yar lakkwal ce?"

"I. Tarminal nike, ajin ƙarshe."

"Madalla. Allah shi ba da sa'a." Ya gyara igiyar akwatinsa a kafaɗa, ya wuce gida na gaba. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Ga abin da har yau yake tafasa mini zuciya. Na sani. Ba zato nake ba, na sani. A islamiyya mun karanta babin layya tun ina aji uku a kwaleji, kuma malaminmu ya yi bayani filla-filla: abin da ke hana layya shi ne a yanke fiye da sulusin kunne. Ɗan tsaga ba ya hanawa. Na rubuta shi a kaye, littafin rubutuna, na ja layi a ƙarƙashi da rula, kamar yadda nake yi wa duk abin da nake jin zai fito a jarrabawa. Kayen yana cikin akwatina, taku goma daga inda Baba Ƙarami ya tsaya yana ba da umurni. Na buɗe baki sau ɗaya, ya dube ni, na rufe. Ni mai yawan karatu ce, malamai suna yabon rubutuna, amma in babba ya dube ni sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Kuma duk gidan, har shi, ba wanda ya taka zuwa wajen liman ya tambaya. Masallacin yana bayan katangarmu. Muna jin tarin liman in ya tashi alwala.

Da bazara ta yi tsanani, Baba Ƙarami ya ƙaro raguna uku daga kasuwar Kore Mairuwa, ya ɗaure su tsakiyar na gida a ranar. Ɗaya daga ciki yana da majina. Ya ce gajiyar mota ce.

Asabar ta gaba da na zo, mai majinar ya mutu, biyu daga tumakin Inna kuma sun daina ci. Ban koma Dutsi ba ran Lahadi. Na aika wa gwaggona cewa ba ni da lafiya, ƙarya ta biyu ke nan. Na ɗauki wani sabon kaye na fara rubutawa, don ban san abin da zan yi ba ban da rubutu. Ina da kayen har yanzu. Ran farko: hawaye, majina kamar ruwa, jiki zafi. Ran uku: majina ta yi kauri ta toshe hanci, kwantsa ta manne ido, baki yana wari. Da na buɗe bakin guda na ga dasashinta duk gyambo, fari-fari. Ran biyar: zawo. Zawo har ƙafafun baya su jiƙe, ƙudaje su rufe su. Wadda ke da ciki ta yi ɓari a ran shida, ta mutu a ran bakwai.

Inna tana dama kunun dusa tana ɗura musu da ludayi, tana goge musu hanci da gefen zanenta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce doguwa ce ta ratsa gidan, a yi turare. Aka yi. Baba Ƙarami ya sayo wani jan kafso a teburin mai shayi, ya kwance shi cikin ruwa, ya ɗura wa nasa. Na ce a kira malamin dabbobi. Wannan karon na faɗa, amma Inna na faɗa wa, a bayan ɗaki.

"Da wane ido?" in ji ta. "Ba ke kinka ce mishi babu tumaki ba?"

Ba da zafi ta faɗa ba. Tambaya ce kawai. Na shiga ɗaki na ciji matashin kai.

Cikin kwana goma sha ɗaya, huɗu daga biyar ɗin Inna suka tafi. Biyu an samu yankawa, biyu ba a samu ba, aka ja su bayan gari. Mai baƙin wuyan nan ce kaɗai ta tashi, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tuge turakun nan huɗu da hannunta, ta sa su a murhu.

Baba Ƙarami ya rasa huɗu. Sauran da ba su nuna alama ba, ya wanke musu fuska da sassafe ya loda su a mota zuwa kasuwar Matankari, ya sayar. Na sha tunanin gidajen da suka shiga, da matan da ke da tumaki a gidajen. Da ya dawo ya zauna a tabarma ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yarda da ƙaddara. Amma turmin da aka jingina a ƙofar ɗakin girki, hannun mutum ne ya jingina shi, ina tsaye ina kallo.

Ya bar rago ɗaya don layyar gida, fari tas, kunnuwa dogaye lafiyayyu. Ran Salla aka yanka shi, aka feɗe, aka tsire shi a kan itace gicciye aka jingina gefen wuta tare da na maƙwabta. Kai da ƙafafu aikin mata ne. Ni aka ba kan in babbake. Na ɗora shi a kan garwashi, ina juyawa. Abin da ya fara ƙonewa kunnuwan ne. Suka nannaɗe, suka yi baƙi, gefensu ya kakkarye ya faɗa cikin toka tun kafin in kai wuƙa in kankare. Na tsaya ina kallonsu. Saboda waɗannan ne. Ban ci naman kan ba, aka ce ko azumi nake.

Na koma Dutsi na yi bak da wannan fushin a ciki. Wataƙila ma shi ya sa na ci, don ba na iya zama ba karatu.

Baba ya dawo da ruwan farko. Da sakamako ya fito ya yi murna irin wadda ban taɓa ganin ya yi ba. Ya riƙa gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa ɗiyarsa za ta zama malamar asibiti, za ta sa farar riga. Ya ce duk garin nan ba mace ɗaya da ta iya allura, matanmu sai sun je Kiéché ko Dutsi, wasu su haihu a kan amalanke. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta hana ni sakat. Mutum ya fi tunkiya. Wace irin 'ya ce za ta bar mata masu naƙuda ta bi awaki? Na kan ciro ambulan biyun in ɗora a gwiwa in yi ta kallo. Wani lokaci in ce fushi ne kawai ke ja na, kuma fushi yana hucewa, karatu kuwa shekara uku ne, aiki kuma har tsufa.

Saura mako guda a rufe karɓar dosiye, na je Dutsi na nemi ofishin dabbobi. Na wuce ƙofar sau biyu kafin in shiga. Dattijon nan yana zaune a benci ƙarƙashin bishiyar bedi, yana wanke sirinji a roba. Na gaishe shi. Ya ɗaga kai, ya ɗan daɗe yana dubana.

"A'a! 'Yar gidan da babu tumaki. Ina ƙanwar taki mai kuka?"

Na ce, "Ita kaɗai ta rage, Malam."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya matsa mini a bencin. Na ba shi kayen da na rubuta ciwon tumakin a ciki ba tare da na yi niyya ba, don ya fi mini sauƙi da magana. Ya karanta shafi-shafi, yana bi da yatsa.

"Wa ya koya miki duba dasashi?"

"Ba kowa."

"Hm." Ya rufe kayen ya miƙo mini. Na gaya masa maganar dosiye biyun, ina kallon ƙasa.

"Ɗiyata, bari in gaya miki gaskiya," ya ce. "Karatun ba zai gagare ki ba, na gani. Allura kuma wata guda kin iya. Shurin saniya ma ana sabawa, ga nawa nan." Ya nuna ƙwaurinsa. "Amma aikin ga ba allura ba ne. Rabinshi tsayuwa ce ƙofar gidan mutane, suna yi miki ƙarya kina ji, ki san abin da za ki ce har su buɗe. Ni ran nan ban samu abin cewa ba, na gaji, na wuce. Da na tsaya, da wataƙila yanzu suna nan. Ke kuwa na ga ko ido ba ki iya haɗawa da mutum. Asibiti, marar lahiya shi ka zuwa da ƙafarshi. Ki tahi can, ya fi miki sauƙi."

Na fito ina jin haushinsa fiye da na kowa, don ya faɗi abin da nake ɓoye wa kaina. A mota har gida ina maimaitawa: ko ido ba ki iya haɗawa da mutum.

Washegari bayan la'asar, Baba da Baba Ƙarami suna zaune a tabarma a tsakar gida, sun dawo daga gona, Inna na tankaɗe a gefe. Na fito da ambulan biyun da tsohon kayen islamiyya. Na durƙusa. Na ce, "Baba, makarantar dabbobi nike son in shiga."

Baba Ƙarami ne ya fashe da dariya.

"Likitar awaki! Shekara goma sha uku ana kai ki lakkwal, ashe bunsuru za ki ƙare kamawa? Yaya, ka ji ɗiyarka. Gobe in akuya ta yi tari sai mu kai ta ga Madam."

Na ji harshen nan ya fara nauyi. Na buɗe kayen islamiyya daidai shafin, na ɗaga kai na dubi Baba Ƙarami. Ban taɓa lura ba cewa idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta.

Na ce, "Baba Ƙarami, ɗan tsagan kunne ba ya hana layya. Sai ya wuce sulusi. Ga shi nan, tun ina kwaleji na rubuta. Liman yana bayan katanga, a kira shi in ƙarya nike."

"Ke! Ni za ki koya ma addini?"

"Ran nan na sani, ban hwaɗi ba. Kai ka ce a ɓoye, ni na yi ƙarya a ƙofa, tumakin Inna huɗu sunka mutu. Na Inna mata ne, ta gaya maka."

Muryata ta fito sirirya, ba kamar yadda na shirya ta ba. Amma ta fito har ƙarshe. Tankaɗen Inna ya tsaya.

Baba ya juya wajen ƙanensa. "An zo rigakahi ba a yi musu ba?" Ashe ba wanda ya gaya masa. An ce masa ciwo ne ya ratsa gari, shi ke nan.

Baba Ƙarami ya ce ko liman ya halatta, mai saye a kasuwa ba liman ba ne, kuma ba zai zauna yarinya ta yi masa rashin kunya ba. Ya ɗauki takalmansa ya fita. Baba bai kira shi ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya karɓi ambulan biyun, ya juya su, ko da yake ba ya karanta boko.

"Da na so ki sa hwarar riga," ya ce.

"Su ma suna sawa, Baba."

"Tana zama hwara?"

"A'a."

Ya kalli inda turakun nan huɗu suke a da, ramukansu ba su gama cikewa ba. Ya tambaye ni wanne ne na dabbobin. Na nuna masa. Ya miƙo mini shi, ɗayan kuma ya sa a aljihun rigarsa, ya ce zai ajiye ko na canja ra'ayi. Ban canja ba, shi ma bai mayar mini ba. Na san har yau bai huce da rashin farar rigar ba, kuma matan garinmu har yau amalanke suke hawa. Wannan ina ɗauke da shi.

Inna ba ta ce komai ba a wurin. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yabona a gaban mutane. Da safe da zan tafi kai dosiye, ta biyo ni har ƙofa ta ce, "Ke. In kin koyo, ki hwara da tawa."

Baba Ƙarami ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Ƙarshen sanyin da ya biyo, na nemi izini a makarantar dabbobin da na samu shiga na zo gida ranar rigakafi. Mai baƙin wuyan ta haifi 'yar tunkiya da kaka. A lokacin na riga na koyi cewa uwar ba ta buƙatar allurar, wadda ta tashi daga ciwon ba ya sake kama ta. 'Yar na ɗauka a kafaɗa, Inna na biye da ni, har ƙofar mai gari. Dattijon ya gan ni, ya ce, "Ashe yau akwai tumaki." Ya yi allurar, ya miƙo mini ƙarfen. Na matsa. 'Yar tunkiyar ta yi ƙara ɗaya, ɗan yankin ya faɗi a kan takalmina, jini ɗigo biyu.

Da muka koma gida, turakun ragunan Baba Ƙarami babu ko rago ɗaya, an jingina turmi a ƙofar ɗakin girki, baburinsa ba ya nan. Na sauke 'yar tunkiyar wajen uwarta. Na ji sallamar dattijon a gidan maƙwabta, saura namu. Na kama turmin da hannu biyu na mirgine shi gefe.